Murfin Ƙarshen Waya

Ragowar wayar da ta haɗa injinan nan biyu tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina. Baƙa ce, kaurinta kamar ƙaramin yatsa, cikinta jan ƙarfe. Ranar da aka gama haɗin, Anthony mai gyara ya naɗe ta ya ce a ajiye, wata rana za ta yi amfani. Kafin wata ya ƙare mijina ya samo mata amfani. Da ita yake dukan 'yarmu.

Sunansa Yunis. A lokacin Malam nake ce masa. Shekarar 1989 ce, muna haya a Funtua, gida mai shago a gaba da soro a gefe. Ya yi aikin akawu a wani kamfanin gyaran hanya. Da Turawan kamfanin za su tafi suka yi gwanjon kayansu, sai ya sayar da gonarsa ta gado a Gozaki, ya sayi kwamfuta biyu da injin buga takarda. Danginsa suka ce ya zautu. Tun daga nan duk wanda ya yi wa injinan kallon banza, kamar shi aka zaga.

Babbar tana shago tare da injin bugawa, nan yake karɓar aiki daga 'yan kwangila da ƙungiyoyin manoma. Ƙaramar tana ɗakina. Na koyi tafireta a Malumfashi kafin aure, hannuna ya fi nasa sauri nesa ba kusa ba, amma ba zai yarda in zauna a shago maza suna shiga suna fita ba. Shi ya sa aka ja waya daga shago, ta bi jikin katanga ta ratsa tsakar gida ta shigo ta tagata. In na gama rubuta abu sai in tura fayil ɗin ta wayar, ya buɗe shi a can ya buga. Ramin saka faifai na tawa ya mutu tun kafin a saye ta, don haka wayar nan ita kaɗai ce hanya. In ta tsaya, duk abin da na rubuta ya maƙale a ɗakina.

'Yarmu Sakinatu ba ta cika shekara huɗu ba. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta da baki, a takarda kawai nake iyawa. Farkon ranar da wayar ta tsaya, ya same ta tana wasa a gindin katanga, bai tambayi kowa ba ya ciro ragowar wayar daga ƙusa. Daga baya aka ga ashe akuyata ce ta tauna. Ya naɗe wurin da salatef, bai ce wa yarinyar komai ba. Na kai ƙara wajen mahaifiyarsa, ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar fari ce fa. Ubanta ya hore ta, ke kuma har da bakin magana? Ina kunyarki? Kau da kai ake yi, 'yar nan."

Na kau da kai. Haka na ga an yi a gidanmu, haka aka ce mini mutunci yake.

Ranar da nake ba da labari cikin bazara ce, zafi tun da hantsi. Kwana da kwanaki ina rubuta takardun wata ƙungiyar manoman Dandume da ke neman a ba ta rabon irin auduga. Aiki ne mai kauri, shi ne mafi girma da Yunis ya taɓa samu, kuma sakataren ƙungiyar zai zo karɓa da la'asar don washegari za a kai Katsina. Na gama da safe, na tashi na ɗora ruwa, na dawo na danna a tura. Injin ya yi shiru, ya yi shiru, sai ya rubuto cewa bai ga ɗan'uwansa ba. Na sake. Amsar ɗaya.

Na ji ƙarar kujerarsa daga shago. Ya shigo da sauri, babbar rigarsa a kafaɗa.

"Ke! Ina aikin? Tun ɗazu ina zaune kamar maroƙi."

"Malam, ya ƙi tafiya. Yanzu nake dubawa."

"Ya ƙi tafiya. Da ƙafa yake tafiya? Wa ya taɓa?"

Sakinatu tana ƙarƙashin teburina, nan take son zama saboda sanyin siminti. Ya sunkuya ya jawo ta da ƙafa. Marin da ya yi mata ya juya ta, gefen kanta ya bugi ƙarfen gado. Ba ta yi kuka nan take ba, numfashinta ne ya ɗauke tukun. Ina tsaye, hannuna riƙe da bayan kujera, na kafa idona a bango.

"Zan je in ɗauko Anthony daga masaƙa," ya ce. Ya nuna ta da makullin babur. "Wallahi tallahi in ya ce hannun mutum ne ya taɓa, hannun da ya taɓa shi zan karya. Ba duka ba. Karyawa. In ya so kowa ya huta."

Na san shi. In ya yi barazana da ihu, wani lokacin yakan wuce. Wannan a hankali ya faɗe ta, kamar mai faɗar lokacin da zai dawo.

Da ƙarar babur ɗin ta yi nisa na ɗauki yarinyar, na danna mata tsumma mai sanyi a kai. Wurin ya kumbura amma bai fashe ba. Na ba ta ƙuli-ƙuli, ta sulale ta yi bayan madafa. Ni kuma na ɗaura zani da kyau. Masaƙar da Anthony yake aiki tana can ƙarshen gari, sai ya nemi izinin fitar da Anthony, ina da ɗan lokaci. Lissafina mai sauƙi ne: in suka dawo suka tarar aiki ya tafi, babu laifi, babu mai laifi.

Na fara da abin da Anthony ya koya mini. Na kashe tawa, na shiga shago ta ƙofar ciki na kashe babbar, na kunna babbar tukun na bar ta ta gama farkawa, sannan na dawo na kunna ƙaramar. Ba ta gan ta ba. Na duba sunan da aka ba kowace, ko Yunis ya canza wani abu jiya yana latse-latse. Sunaye suna nan yadda suke. Na fita tsakar gida na bi wayar da yatsa, ƙusa bayan ƙusa, rana tana dukan ƙeyata. Na kwance salatef ɗin inda akuya ta tauna, haɗin yana nan daram, na mayar. Na taka turmi na leƙa inda wayar ta bi ƙarƙashin kwano, ko ɓera ne. Babu ko ƙwarzane. A raina ina ta roƙon Allah ya sa ɓera ne. Da na samu gurbin haƙori ko ɗaya, da na yi guɗa.

Na koma shago na durƙusa a bayan babbar. Inda waya take shiga injin akwai wani ƙarfe mai rassa biyu kamar ƙaramar gwafa. Reshe ɗaya waya ce ta fita zuwa ɗakina. Ɗaya reshen an toshe shi da ɗan murfin ƙarfe mai sheƙi, tsawonsa kamar gaɓar yatsa, da 'yar sarƙa a jiki. Na tuna ranar haɗi Anthony ya ɗaga irinsa yana cewa, "Madam, wannan ɗan abin kada ki raina shi. Ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan. In aka bar baki a buɗe, magana ta je ta dawo ta yi karo da ta bayanta, injinan duka su kurmance."

Na ruga ɗakina. Bayan tawa a rufe yake da wani mayafin tebur da na yi wa ado da zare, shi ya sa ban lura ba. Na ɗaga. Gwafar tana nan, waya tana nan. Ɗaya reshen tsirara.

Na share ƙarƙashin tebur, na janye gado, na zazzage tabarma. Ban same shi ba. Ina durƙushe ina laluben bayan akwati, sai jikina ya ba ni. Na miƙe a hankali na zagaya bayan madafa.

Tana zaune a 'yar inuwar da ta rage, kuncinta ya tashi. Ta jera tsakuwa uku ta yi murhu, ta tura karmami a ƙarƙashi. A kai ta ɗora murfin, baki sama, cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa da garin kuka, tana juyawa da tsinken tsintsiya. 'Yar sarƙar ita ce mariƙin tukunya.

"Umma, miya nake yi. Saura gishiri."

Na zauna a ƙasa. Duk safiyar nan ina neman abin da zai wanke ta, ga shi na samo abin da zai kama ta.

"Yaushe kika ɗauko?"

"Da kika je ɗora ruwa. Murɗawa ake yi, sai ya fito." Har da nuna mini da yatsu, tana jin daɗin ta iya.

Na kama fuskarta da hannu biyu. "Ki saurare ni. Wannan ba tukunya ba ce. Ba ki taɓa ganinta ba. In Babanki ya tambaya, ba ki sani ba. Me na ce?"

"Ban sani ba."

"Sake faɗa."

"Ban sani ba. Umma, za ki ba ni in na yi barci na tashi?"

Na karɓe. Na ɗauke ta na nufi katangar da ta raba mu da gidan Iyabo, Bayarabiya mai sayar da atamfa, haifaffiyar Funtua, wadda duk unguwa ke kira Maman Jimoh. Na taka turmi na kira ta. Ta fito da ludayi a hannu, ta ga kuncin yarinyar, ta ajiye ludayin.

"Ya kuma, ko? Wannan mijin naki, injin ya aura, ke haya ya ɗauko ki. Miƙo ta nan."

"Ki riƙe ta a ciki, Maman Jimoh. Kada ta fito ko an kira ta."

"Ki tafi kawai. Zo nan, kishiyata, yau sai kin cinye mini soyayyar ayabar nan duka."

Na koma na zauna da murfin. Na ƙwaƙule ƙasar da tsinke, na hura, na murɗa bakin tsumma na goge ciki. Akwai wata 'yar allura a tsakiya, na bi ta a hankali kada ta lanƙwashe. Kuka tana da yauƙi, ta liƙe a lungu, sai da na diga kananzir na sake gogewa. Na ɗora shi a kan murfin langa a rana, ina tsaye a kansa ina sauraren hanya. Da ya yi zafin da ba na iya riƙe shi, na kai ɗaki na murɗa shi a gurbinsa, na kashe injin na kunna.

Ƙaramar ta ga 'yar'uwarta. Sunan babbar ya fito a gilashi, fari tas. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi. Na kai hannu zan tura fayil ɗin, sai babur ya tsaya a ƙofa.

Na ji muryar Iyabo a waje tana cewa, "Haba Malam, ai abinci take ci, bar ta ta gama mana." Na ji tasa yana cewa ya hana a kai masa 'ya gidan mutane. Daga baya na ji yadda aka yi: yarinyar ce ta ji ƙarar babur ɗin ta leƙo ƙofa, kamar yadda ta saba. Ya shigo da ita yana jan ta da damtse, Anthony yana biye da jakarsa yana sallama. Na ja mayafi.

Anthony mutumin kirki ne, siriri, mai yawan dariya, a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Ya zauna a kujerata ya danna, ya juyo.

"Oga, ai lafiyarta ƙalau. Ga babbar nan tana kallonmu. Injin ma ya san mai gyara ya zo, ya shiga hankalinsa, kamar haƙori a ƙofar asibiti."

"Ta dawo da kanta, Malam," na ce. "Na kashe na kunna. A tura aikin kawai, lokaci yana tafiya."

"Ba da ke nake ba." Bai saki hannun yarinyar ba. "Anthony, ban ciro ka daga wurin aikinka don ka ce mini lafiya ba. Abu ba ya mutuwa ya tashi haka kawai. Nemo mini dalili."

Anthony ya ɗaga kafaɗa, ya ɗage mayafin tebur, ya fara taɓa haɗe-haɗen baya ɗaya bayan ɗaya. Na ƙura masa ido ta gefen mayafina, ina girgiza kai kaɗan-kaɗan. Bai dube ni ba. Mutum ne mai ladabi, ba ya kallon matar wani. Ya murɗe murfin, ya kai shi hanci, ya yamutsa fuska, ya juya shi wajen hasken taga.

"Kananzir. Wannan koren kuma fa? Kai! Oga, kuka ce!" Ya fashe da dariya. "Wa yake miya a cikin kwamfuta?"

"Ni ce," na ce da sauri. "Wajen shara na ture shi ya faɗa kwanon wanke-wanke. Na ji tsoron faɗa maka, Malam. Ni ce."

Yunis ya juyo gare ni. Na ga ya fara yarda, na ga kafaɗarsa ta karkato wajena, na shirya. Sai Anthony ya ɗaga murfin ta 'yar sarƙar, yana lilo yana sheƙi.

"Tukunyata!" in ji Sakinatu. Ta miƙa hannu. Sai ta tuna, ta dube ni, ta ce da ƙaramar murya, "Ban sani ba."

Dariyar Anthony ta tsaya. Ya miƙe. "Oga, yarinta ce, ba abin da ya lalace, ga shi ma an gyara, bari in mayar..."

Yunis ya karɓi murfin ya ajiye a kan tebur a hankali. Ya ciro wayar daga ƙusa. Anthony ya riƙe masa hannu, sai Yunis ya kai masa gwiwar hannu a hanci, jini ya tsinke a kan farar rigarsa. Ya shaƙe shi da wuyan riga ya ja shi ta tsakar gida har soro, ya hankaɗa shi waje ya danna sakata. Kafin ya dawo na sunkuci yarinyar na yi wajen katanga, ina kiran Maman Jimoh. Ban kai ga turmi ba. Ya fizgo ni ta gashi, mayafi da ɗankwali suka tafi tare, na faɗi da baya, ya zare ta daga hannuna.

Wayar nan ba ta yin ƙara irin ta bulala. Wani sauti take yi mai nauyi, tim, tim. Ta farko ta yaga rigar. Ta biyu ta bar layi a bayanta, fari tukun, sannan ya cika da jini. Tana ihu tana cewa, "Baba na bari, Baba na bari," tana ƙoƙarin ɓuya a tsakanin ƙafafunsa, don nan ta san ana ɓuya. Anthony yana dukan ƙofa daga waje yana kiran jama'a. Na kama ƙafar Yunis, ya sa mini ƙafa a ƙirji.

Sai ya yar da wayar. Ya kifa turmi da ƙafa, ya kama hannunta na dama ya shimfiɗa a kan gindin turmin, ya danne tsintsiyar hannun. Da ɗaya hannun ya jawo taɓarya daga jikin bango, ya riƙe ta a tsakiya.

"Wannan ne ko? Wannan ne mai murɗawa?"

Ban tuna na yi tunani ba. Kunyar da aka koya mini, maganar mahaifiyarsa, ban san inda suka shiga ba. Na dai ga taɓarya ta tashi, na ga hannuna na hagu a kan nata. Ƙarar kamar an karya busasshen kara a gwiwa. Zafin bai zo nan da nan ba, sai wani farin haske. Da na duba, hannuna ya lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Na zaci ganin haka zai dawo da shi. Ya dube ni yana haki, ya ce, "Ke kika jawo wa kanki. Matsa." Ya ture ni da ƙafa, ya gyara hannun yarinyar a kan turmin.

Ba ni da ƙarfin da zan ƙwace ta. Ko da hannu biyu ba ni da shi. Ƙofar ɗakina tana kusa, butata tana bakin ƙofa cike da ruwan alwalar azahar. Na rarrafa na ɗauke ta da dama, na miƙe da jingina da bango, na tsaya a kan injin. A kunne yake, fankarsa tana juyawa, ramukan shan iskarsa suna sama. Na karkata bakin butar a kansu.

"Yunis!"

Ban taɓa kiransa haka ba. Ya juyo, taɓarya a sama.

"Aikin Dandume bai tafi ba. Duk yana cikin nan, babu shi a ko'ina. Ka sake ta."

"Kin haukace? Ajiye butar nan!"

"Ka sake ta."

"Wallahi in ɗigo ɗaya ya..."

Na bar ruwa ya zuba a kan tebur, dab da injin, ya gangara ƙarƙashinsa. Yunis ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ya yi ba, ko ranar da mahaifinsa ya rasu. Butar ta ƙara karkata, ba da gangan ba, kuma ya gani.

"Hannuna ya kusa gajiya," na ce. "Ɗaya gare ni yanzu. Ka yi sauri."

Ya buɗe yatsunsa. Yarinyar ta zube a gindin turmi. A daidai lokacin na ga ƙafar Iyabo ta ƙetaro katanga, sannan sauran jikinta, mace mai ƙiba, zani a tattare, ta faɗo tsakar gida kamar buhun masara. Ta tashi tana ɗingishi, ta sunkuci Sakinatu.

"Taɓa ni ka gani," ta ce masa. "Taɓa ni, ɗan banza, yau kasuwar Funtua kaf za ta kwana a ƙofar gidan nan." Ta zare sakata ta fita.

Ƙofa ta buɗe, soro ya cika da maza: tela, mai shayi, Anthony da tsumma a hanci, har da limamin masallacin unguwa. Amma a bakin soro suka tsaya. Gidan matar aure ne, mai gidan yana ciki, bai ce a shigo ba, ni kuma kaina a buɗe. Sai magana suke jefowa. "Malam Yunis, ka ji tsoron Allah." "A yi haƙuri, a bar wa Allah." Ba wanda ya taka tsakar gida.

Ya tako zuwa ƙofar ɗakin ya tsaya, ya cika ta. Ya yar da taɓaryar amma idonsa bai sauka ba.

"To na sake ta. Ajiye."

In na ajiye, ni ce a ɗaki da shi, da hannu ɗaya. In na zuba, ba zan fita da rai ba. Idona ya fara duhu ta gefe-gefe. Na ɗaga butar na ɗora ta a can gefen saman injin, rabin gindinta a kai rabi a iska, bakinta yana kallon ramukan. Na riƙe ta da yatsa ɗaya.

"Zo ka karɓa," na ce. Na cire yatsan.

Ya yi tsalle ya wuce ni, ya cafe ta da hannu biyu, ya rungume ta a ƙirji ruwan yana jiƙa masa riga. Ni kuma na bi ta bayansa na fita. Na tallafe karyayyen hannun da ɗaya, na ratsa tsakar gida, mazan suka dare suna sunkuyar da kai. Liman ya cire rawaninsa ya yafa mini.

Mijin Iyabo yana da tasi, ya riga ya juyo da ita. Ana ƙoƙarin sa ni a ciki sai ga Yunis a ƙofar soro, butar tana hannunsa har yanzu. Kowa yana jiran ya ji ko haƙuri zai bayar ko saki zai yi.

"Mairamu," ya ce. "Da wane suna kika ajiye fayil ɗin?"

Tela ya ce, "Innalillahi." Iyabo ta buɗe baki za ta zage shi, na taɓa ta. Na faɗa masa sunan, harafi bayan harafi, na ƙara da cewa ya mayar da murfin tukun kafin ya tura, in ba haka ba ba zai tafi ba. Shafukan suna da yawa, injin bugawarsa kuma ba ya sauri. Muddin yana zaune a gabansa, ba ya kan babur a bayanmu. Ya juya ya koma ciki.

A hanyar Malumfashi kowane rami sai na ji shi har cikin haƙorana. Sakinatu tana kwance rub-da-ciki a cinyar Iyabo saboda bayanta, ta yi kukan har murya ta ƙare. Na ce a juyo mini da hannunta. Na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina lanƙwasawa ina miƙarwa. Tsintsiyar hannun ta yi shatin yatsunsa, amma babu abin da ya karye. Na ce ta matse yatsana. Ta matse.

An ɗaure mini hannu a asibiti, aka wanke mata baya, da yamma muka isa Ƙarfi gidan mahaifina. Baba bai yi tambaya da yawa ba. Ya ɗaga rigar yarinyar ya duba, ya sauke, ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Da maganar ta kai gaban alƙali, Yunis ya ce shi bai hana ni tafiya ba, amma 'yarsa zai karɓa, mahaifiyarsa za ta riƙe ta. Na ji tsoron ranar nan fiye da ranar taɓarya, don na san mazan unguwa ba sa son shiga tsakanin miji da mata. Amma sun zo. Tela ya zo, liman ya zo, Anthony ya ɗauki hutu ya zo da karkataccen hancinsa. Ba su ga dukan da idonsu ba, ƙofa a rufe take, sun faɗi haka. Abin da suka gani da abin da suka ji a ƙofar soro shi suka faɗa, liman ya maimaita tambayar da Yunis ya yi mini kalma bayan kalma. Alƙali ya sa aka ɗaga rigar yarinyar. Ya raba auren, ya ce tana wajena.

Hannuna ya warke a ɗan karkace, ba ya juyawa sosai. Na samu aikin tafireta a wata makarantar firamare kusa da gida, ina yi a hankali, hagu tana bin dama a baya. Sakinatu ta shiga aji ɗaya a nan. Da dama take rubutu.